Tafkin Chadi: da gaske ya ƙafe da kashi 90, ko lissafin ne ke da gyara?

Da wuya a tashi taro kan tsaro ko sauyin yanayi a yankin Sahel ba a ji wani ya ce Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100 ba. Shugabanni sun faɗa a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, jaridu sun maimaita, har maganar ta zama kamar karatun da ba a tambayar asalinsa. Amma a daminar 2022 da ta 2024, kogin Shari da ke ciyar da tafkin ya cika ya batse har ya shiga unguwannin Njamena, gonaki da ƙauyukan bakin ruwa suka nutse. Ta yaya tafkin da ake yi wa ta'aziyya yake korar mutane da ambaliya? Adadin da ake ambata ba ƙirƙirarsa aka yi ba, yana da tushe. Matsalar ita ce abin da aka auna, da shekarun da aka gwama, da kuma abin da aka bari ba a ƙirga ba.

Faranti ne, ba rijiya ba

Wanda bai san siffar tafkin ba zai ɗauka wani rami ne mai zurfi da ruwa ke raguwa a cikinsa sannu a hankali. Tafkin Chadi shimfiɗaɗɗen fili ne kamar faranti, a tsakanin Chadi da Kamaru da Nijar da Najeriya, kuma zurfinsa a mafi yawan wurare bai wuce mita ɗaya zuwa huɗu ba. A irin wannan shimfiɗa, ruwa ya sauka da rabin mita kawai sai gaɓa ta ja baya da kilomitoci. Ya hau da rabin mita, sai ya dawo ya shafe gonakin da aka shuka bara. Saboda haka faɗin tafkin ma'auni ne mai ruɗi: ƙaramin canji a yawan ruwa yana fitowa a hoto kamar babban bala'i, ko babbar ni'ima.

Farantin kuma ba guda ɗaya ba ne. Akwai kwarin kudu, inda kogin Shari yake zuba, da kwarin arewa, wanda ya taɓa Nijar da arewacin Borno da yammacin Chadi. A tsakaninsu akwai wani tudu a ƙarƙashin ruwa da ya miƙe daga wajen Baga ta Najeriya zuwa wajen Baga Sola ta Chadi, masana suna kiransa Babban Shinge. Idan ruwa ya yi yawa, tudun yana nutsewa, tafkin ya zama ɗaya. Idan ya ragu, sai kwarin kudu ya cika tukuna kafin ragowar ta tsallaka arewa. Tun da tudun ya fito fili a 1973, ciyayi masu kauri suka tsiro a kansa, suna rage wa ruwa gudu. Wannan ne ya sa mutumin Ngigimi ta Nijar, a gefen kwarin arewa, da mutumin bakin Shari za su ba ka labari biyu mabambanta game da tafki ɗaya, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

Kuɗin shiga da kuɗin fita

Ruwan saman da ke sauka a kan tafkin kansa kaɗan ne, 'yan ɗaruruwan milimita a shekara, yana ƙara raguwa in an nausa arewa. Kusan kashi 90 na ruwan da koguna ke kawowa daga Shari yake zuwa, tare da Logon da ke haɗuwa da shi a Njamena. Shari ya taso daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Logon kuma daga tuddan Adamawa na Kamaru, wurare masu yawan ruwan sama da ke ɗaruruwan kilomita kudu da tafkin. Ruwan da ya sauka can a Agusta ba ya isowa nan take. Kogin yana kai maƙurar cikarsa a Njamena wajen Oktoba zuwa Nuwamba, tafkin kuma ya kai tasa maƙurar a Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu ya riga ya busar da komai a tudu.

Daga ɓangaren Najeriya da Nijar, kogin Komadugu Yobe ne yake shiga kwarin arewa ta wajen Boso da Malam Fatori. Ruwansa ya haɗa da na kogin Kano da Challawa da Haɗeja da Jama'are. Yana da matuƙar muhimmanci ga manoman tattasai na Diffa da masu noman fadama a Yobe, amma abin da yake ƙara wa tafkin 'yan kaso ne ƙalilan.

Ta ɓangaren fita, tafkin ba shi da hanyar zuwa teku. Rana da iska ne suke kwashe mafi yawan ruwan: kimanin mita biyu a kowace shekara suna tashi a matsayin tururi. A nan lissafin yake da sauƙi. Tafki mai faɗin murabba'in kilomita 25,000 yana asarar abin da ya kai mita kubik biliyan 50 a shekara. Dole koguna da ruwan sama su biya wannan bashi duk shekara, in ba haka ba tafkin ya tsuke har ya kai faɗin da abin da ke shigowa zai iya riƙewa. Ba ya tara ajiya ta shekaru masu yawa. Hannu baka hannu ƙwarya yake yi.

Akwai wata alaƙa da masu nazarin ruwa suka daɗe da lura da ita: ruwan sama a yankin Shari ya canja da kashi 10, ruwan kogin yana canjawa da kusan kashi 30. Dalili shi ne ƙasa da tsirrai suna fara shan rabonsu, ragowar ce take gangarawa. Fari kaɗan a kudu yana zama fari babba a tafki.

Mutum zai yi tsammanin tafkin da ba shi da mafita, ga rana tana ƙona shi haka, ya zama ruwan gishiri kamar Tekun Gishiri na Falasɗinu. Bai zama ba. Wani ɓangare na ruwan yana tsiyaya cikin ƙasa ya tafi da gishirin, tsirrai da dodon koɗi suna ɗaukar wani, sauran kuma yana taruwa a ƙananan tafkunan da ke tsakanin tuddan yashi a arewa maso gabas, inda yake daskarewa ya zama kanwa. Kanwar da fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawowa kasuwannin ƙasar Hausa daga wannan yanki, ita ce gishirin da tafkin yake zubarwa don ya ci gaba da zama ruwan sha.

Inda kashi 90 ya samo asali

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 suna cikin mafi yawan ruwan sama da Sahel ta gani a ƙarni na 20. Sai fari ya zo: na 1972 zuwa 1974, sannan wanda ya fi shi tsanani a 1984. Ruwan Shari ya ragu da kusan rabi, tafkin ya rabu biyu, kwarin arewa ya bushe ƙurmus a wasu shekaru na 1980. Buɗaɗɗen ruwan da ya rage a bakin Shari bai wuce murabba'in kilomita 2,000 ba. In ka gwama 25,000 da 2,000, ka sami fiye da kashi 90. Hotunan tauraron ɗan'adam da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yaɗa a farkon shekarun 2000 sun sa wannan kwatanci ya zauna a zukatan mutane.

Gyara biyu ne a nan. Na farko, an ɗauki shekara mafi cika an gwama da shekaru mafi fari, kamar wanda ya auna hatsin rumbu ranar kaka da tsakiyar bazara ya ce dukiyar gidan ta ƙare. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, abin da ido ke gani a hoton sama shi ne ruwan da babu komai a kansa. Mafi yawan tafkin a yau fadama ce: ruwa yana nan, amma ciyawa da kacalla da itatuwan ruwa sun rufe shi, sai ya fito kore a hoto kamar tudu. Idan aka haɗa ruwan da ke ƙarƙashin ciyayi, faɗin tafkin a shekara mai kyau yana haura murabba'in kilomita 10,000, har ya kusanci 14,000. Wani bincike da mujallar Scientific Reports ta buga a 2020, wanda ya haɗa bayanan tauraron ɗan'adam iri-iri, ya nuna cewa a cikin shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin ba raguwa yake yi ba: kwarin kudu ya tsaya daram, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ma ƙaruwa yake yi.

Kada a fahimci wannan da cewa komai lafiya. Tafkin bai koma yadda yake a 1963 ba, kuma kwarin arewa har yau yana rayuwa ne a kan ragowar da ta tsallako Babban Shinge. Masu nazari sun ƙiyasta cewa idan abin da Shari ya kawo a shekara ya gaza mita kubik biliyan 15, ruwa ba ya isa arewa sam. Abin da ba daidai ba shi ne hoton tafki mai tafiya a layi ɗaya zuwa ga mutuwa.

Haka adadin mutane. Ana yawan cewa mutum miliyan 30 ko 40 sun dogara da tafkin. Wannan adadi na faffaɗan yankin da kogunansa suka ratsa ne, har da manyan birane masu nisa. Waɗanda suke zaune a gaɓa da tsibirai kimanin miliyan biyu ne kafin rikici ya tarwatsa da yawansu, kodayake abincin da suke samarwa yana kaiwa ga miliyoyi.

Ba yau ya fara ba

A farkon shekarun 1900, wani hafsan Faransa mai suna Jean Tilho ya zagaya yankin yana aikin shata iyaka, ya tarar da tafkin a tsuke, arewacinsa a bushe. Shi ne ya raba yanayin tafkin gida uku: ƙaramin Chadi, matsakaici da babba, kuma har yau ana amfani da wannan rabo. Wato ƙaramin tafkin da muke gani an taɓa ganinsa kafin a gina madatsa ko ɗaya.

In aka koma shekara kimanin 7,000 baya, abin ya wuce misali. Tafkin wancan zamani ya kai murabba'in kilomita 350,000, kusan girman Tekun Kasfiya. Tsohuwar gaɓarsa tana nan: dogon tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Mafi zurfin wancan tsohon tafki shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda a yau busasshen fili ne. Farar ƙurar da iskar hunturu ke tayarwa daga can, ragowar ƙananan halittun ruwa ce, kuma babban kaso na hazon da ke rufe Kano da Damagaram daga nan yake. Wani ɓangarensa yana tsallake Tekun Atilantika ya sauka a dajin Amazon ya zame masa taki.

Fari ne ko noman rani?

A nan masana sun yi saɓani. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 ya ɗora kusan rabin laifin raguwar da aka samu daga shekarun 1980 a kan ɗibar ruwa don ban-ruwa. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa, waɗanda suka shafe shekaru suna auna kogunan, sun ce an kambama adadin: abin da ake ɗiba a duk yankin bai wuce mita kubik biliyan 2 zuwa 3 a shekara ba, alhali abin da fari ya rage wa Shari ya kusanci biliyan 20. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi, don manyan ayyukan ban-ruwan da ake zargi, da yawansu ba su taɓa aiki yadda aka tsara ba. Shirin ban-ruwa na kudancin tafki da aka gina a yankin Marte a shekarun 1970, da burin noma hekta 67,000, ruwan ne ya gudu ya bar bakin magudanarsa a bushe.

Wannan bai wanke madatsun ruwa ba. Ɓarnarsu ta fi bayyana a fadamun da ke hanya, ba a tafkin ba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke isa fadamar Haɗeja da Nguru: maimakon ruwa ya zo ya janye, sai ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu wurare, kacalla ta toshe magudanai, jan-baki ya sami maɓoya. A Kamaru, madatsar Maga ta 1979 ta hana Logon malala a filayen Waza, ciyawa ta mutu, kifi ya ragu, namun daji suka watse, har sai da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994.

Shi kuwa farin kansa, binciken yanayi ya danganta shi da sauyin ɗumin ruwan tekuna, wanda ya ja daminar Afirka ta Yamma ta koma kudu, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ta Arewa na wancan lokaci yana cikin abubuwan da ake ganin sun taimaka. Daga shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan farfaɗo, amma da sabon hali: yana zuwa da ƙarfi a 'yan kwanaki, ya ɗauke a lokacin da ba a zata ba.

Abin da janyewar ruwa ta haifar

Wannan ne ɓangaren da labarin ƙafewa yake ɓoyewa gaba ɗaya. Ƙaramin tafki ya fi babban tafki ciyar da mutane. Duk shekara, idan ruwa ya fara janyewa bayan Janairu, yana barin ƙasa mai laima da dausayi. Manomi yana bin sawunsa yana shuka masara da wake da kuɓewa da dankali, ba taki, ba injin ban-ruwa. Makiyayi yana samun ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Fili ɗaya yana iya zama wurin kamun kifi a Disamba, gona a Maris, makiyaya bayan girbi. Shi ya sa bayan farin shekarun 1970 da 1980 mutane ba gudun tafkin suka yi ba, tururuwa suka yi zuwa gare shi, cikinsu har da Hausawa masunta da manoma da 'yan kasuwa masu yawa. Bin ruwan da suka yi ne ya kai ƙauyukan 'yan Najeriya har yankin Darak, wanda Kotun Duniya ta tabbatar wa Kamaru a 2002.

Kifin ma ya sauya. Masu son buɗaɗɗen ruwa mai zurfi, irin giwan ruwa, sun ragu. Masu jure ruwan fadama mai ƙarancin iska, irin tarwaɗa da karfasa da bargi da gaiwa, suka mamaye. Masunta suka koma ga gura da dumba, wato jera gura ɗaruruwa a tare hanyar da kifi ke bi in ruwa yana janyewa. Dumba tana kama kifi sosai, amma tana kama har ƙananan da ba su isa ba, kuma takan haddasa rigima a kan wa ke da ikon tare wace hanya. Bandar da ake lodi daga Baga zuwa Maiduguri har kasuwannin kudancin Najeriya, mafi yawanta daga wannan fadama take.

Dorina tana nan, haka kada da gwanki na fadama, sai dai farauta da matsin jama'a sun rage su. Fadamun tafkin da na Haɗeja da Nguru da na Waza masauki ne ga ɗimbin agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai da Asiya lokacin sanyi. Abin da ya fi damun mai kishin wannan wuri shi ne shanun Kuri na ƙabilar Buduma mazauna tsibiran tafkin, farare masu kumburarren ƙaho, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Babu irinsu a wani wuri a duniya. Da tsibirai suka haɗe da tudu, sai suka riƙa barbara da shanun tozo, tsantsar irin yana ta raguwa.

Janyo ruwa daga Kwango

Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashe huɗun suka kafa a 1964, ta daɗe tana nazarin kawo ruwa daga wani kwari. Mafi girman shawarwarin shi ne Transaqua, wanda kamfanin Bonifica na Italiya ya tsara tun shekarun 1970 zuwa 1980: magudana mai tsawon kilomita 2,400 da za ta tare rassan kogin Kwango ta juyo da ruwansu cikin Shari. Taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Abuja a Fabrairun 2018 ya goyi bayansa, ana kuma ambaton kuɗin da ya kai dala biliyan 50. Akwai ƙaramar shawara ta ɗibo ruwa daga kogin Ubangi kawai.

Masu goyon baya suna cewa aikin zai kawo lantarki da sufurin jiragen ruwa da noman rani mai faɗi, ya kuma kare kwarin arewa daga bushewa. Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi, don mutanen Diffa da arewacin Borno su ne suka fi shan wuya duk shekarar da ruwa bai tsallako ba. Masu adawa suna da nasu hujjoji. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mai ruwan, ba mamba ba ce a hukumar, kuma 'yan siyasarta sun nuna ƙin amincewa a fili. Haɗa koguna biyu da suka rabu tun fil azal zai shigo da kifaye da tsirrai da cututtukan da ba a san ƙarshensu ba. Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan aka ɗaga ruwan ya tsaya cak a matsayin 1963, ina za a kai gonaki da makiyayar da mutane suka kafa a ƙasan tsohon tafkin? A ganina, duk shirin da bai fara amsa wannan ba, ya fara ne daga hoton sama, ba daga bakin ruwa ba.

Me ke hana mutane cin moriyar tafkin a yau?

Ana yawan cewa ƙafewar tafki ce ta haifar da Boko Haram. Tarihi bai goyi bayan wannan kai tsaye ba: tafkin ya fi tsukewa a shekarun 1980, rikicin kuma ya ɓarke a 2009, a cikin birnin Maiduguri, lokacin da ruwa ya riga ya farfaɗo. Abin da ya tabbata shi ne fadama mai ciyayi da ɗaruruwan tsibirai ta zame wa masu ɗauke da makamai maɓoya, kuma talauci da rashin hukuma sun sauƙaƙa musu samun mabiya. Tun harin Baga na Janairun 2015, an kwashe mutane daga tsibirai da dama, an hana kamun kifi da cinikinsa da cinikin tattasai na tsawon lokaci a wasu yankuna, masu makamai kuma suna karɓar haraji daga wanda ya kuskura ya shiga. Ruwa yana nan, kifi yana nan, hanyar isa gare su ce ta toshe.

Ga manomi da masunci da makiyayi, abin da ya fi cutarwa shi ne rashin sanin inda ruwa zai tsaya bana. Wanda ya shuka a inda ruwan bara ya tsaya, ambaliya ta cinye. Wanda ya matsa tudu, ruwan bai iso ba. Alhali wannan abu ne da za a iya hangowa: tunda ruwan da aka auna a Njamena a Oktoba shi ne zai isa gaɓar Borno da Diffa bayan makonni ko watanni, ana iya sanar da mutane ta rediyo da harshen Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa tun kafin su zuba iri. Haka yarjejeniyar wa zai yi amfani da wane fili a wane wata, da share magudanan da ciyayi suka toshe, da sakin ruwan Tiga da Challawa a lokacin da ya dace da fadamun ƙasa, da wurin ajiyar banda da hanyar mota zuwa kasuwa. Duk waɗannan in an haɗa kuɗinsu ba su kusanci abin da ake ambata wa magudanar Kwango ba, kuma ba sai an jira izinin gwamnatin Kwango kafin a fara su ba.